Zafin Ƙwaƙwalwar Kwamfuta da Yadda Ake Sanyaya Ta a Ƙasa Mai Zafi



Muna godiya ga Allah da ya haɗa mu a wannan zaure, muna kuma godiya ga waɗanda suka shirya zaman, da suka ba mu damar magana a kan al'amarin da mutane da yawa suke bar wa masu gyara. Batun da ke gabanmu shi ne zafin ƙwaƙwalwar kwamfutar tebur, watau ɗan ƙaramin abin nan da masu gyara suke kira furosesa. Za mu duba iyakar zafin da zai iya ɗauka ba tare da ya cutu ba, da hanyar da ake bi a fitar da zafin, da kuma abin da ya wajaba mazaunin ƙasa irin tamu ya sani.

Wannan magana ta shafe mu duka, domin kwamfuta ta zama kayan karatu kamar littafi da alƙalami. Ɗalibin injiniya da ita yake zane, na kimiyya da ita yake lissafi, mai rubuta kundin digiri kuwa a cikinta yake ajiye wahalarsa ta shekara guda. Galibin kwamfutocin nan da gumin iyaye aka saye su, in ɗaya ta lalace ba lallai a sami kuɗin wata ba. Ga shi kuma yawancin shawarwarin da muke karantawa a intanet, an rubuta su ne a ɗakunan da zafinsu bai wuce digiri 22 zuwa 25 a ma'aunin Salsiyos ba. Abin da muke so ku tafi da shi yau shi ne: zafin furosesa a kan zafin ɗaki yake ɗorawa, saboda haka wanda ɗakinsa ya kai digiri 40 ba ya da rarar da marubutan can suke da ita, dole ne ya nemo ta da kansa.

Asalin zafin

A cikin furosesa akwai ɗan falle na silikon mai faɗi kamar farcen babban yatsa. A kansa aka shimfiɗa taransistoci, waɗanda ba komai ba ne illa ƙananan makunnan wuta masu iya buɗewa da rufewa sau biliyoyi a daƙiƙa guda. Duk sa'ad da makunni ya juya, sai ɗan ƙarfin lantarki ya zube ya koma zafi. Kimiyya ta tabbatar da cewa ƙarfi ba ya ɓacewa, kama kawai yake sakewa. Don haka kusan duk wutar da furosesa ya sha, zafi take komawa. Mai shan wat 100 tamkar ɗan murhu ne mai wat 100.

Abin da ya sa al'amarin ya yi tsanani shi ne ƙanƙantar wurin da zafin ke fitowa. Alal misali, Core i9-13900K wanda kamfanin Intel ya fitar a 2022 an yarje masa shan wat 253 in aiki ya yi nauyi, alhali faɗin silikon ɗinsa bai kai santimita murabba'i 3 ba. Ke nan kowane santimita murabba'i yana fitar da kusan wat 100. Dutsen guga na lantarki mai wat 1,000 kuwa a kan gindinsa mai faɗi yake watsa nasa zafin, har kowane santimita murabba'i bai sami wat 10 ba. In aka kwatanta wuri da wuri, furosesa ya ninka dutsen guga fiye da sau goma.

Abu biyu ne ke ƙaddara yawan wannan zafi. Na farko shi ne gudun furosesa, watau yawan bugun da yake yi a daƙiƙa. In gudu ya ninka, zafi ma ya ninka. Na biyu shi ne ƙarfin turin wuta, wanda ake aunawa da bolt, shi kuwa tasirinsa ya fi girma, domin sau kansa ake buga shi a lissafi. In aka sauko daga bolt 1.3 zuwa 1.2, zafin da juyawar makunnan ke haifarwa zai ragu da kimanin kashi 15 cikin ɗari. Mu riƙe wannan lissafi, za mu komo gare shi.

Yadda aka zo nan

Da can ba haka abin yake ba. Intel 4004 na 1971 taransistoci 2,300 gare shi, wutar da yake sha kuwa ba ta kai wat guda ba. Furosesan da ke cikin kwamfutar IBM ta 1981 tsirara yake zaune, babu ƙarfe a kansa balle fanka. A 1974 wani injiniyan IBM mai suna Robert Dennard, tare da abokan aikinsa, ya nuna cewa in aka ƙanƙanta taransista za a iya rage masa bolt daidai gwargwado, ta yadda zafin kowane wuri ba zai ƙaru ba ko da yawan taransistocin ya ƙaru. Wannan ka'ida ta yi wa masana'antar hidima kusan shekaru talatin.

Duk da haka, tseren gudu tsakanin kamfanoni ya riƙa tura zafi sama. Pentium na 1993 sai da aka ɗora masa ƙarfen zuƙe zafi. A 2001 wata mujallar intanet mai suna Tom's Hardware ta yi gwajin da ya shahara: ta cire abin sanyayawa daga kan furosesa daban-daban suna tsakiyar aiki. Athlon na kamfanin AMD ya ƙone har ya yi hayaƙi, Pentium III ya daskare ya daina aiki amma bai mutu ba, Pentium 4 kuwa sai ya rage gudu ya ci gaba, domin an riga an gina masa dabarar kare kai. Zuwa 2004, wani jinsin Pentium 4 da ake kira Prescott ya kai wat 115, gudunsa ya tsaya a gigahaz 3.8, Intel kuma ta soke wanda ta yi niyyar kai wa gigahaz 4. Ka'idar Dennard ta zo ƙarshe, domin taransistoci sun yi ƙanƙantar da wuta ke yoyo ta cikinsu ko a rufe suke, yoyon nan kuwa ƙaruwa yake da ƙaruwar zafi. Daga 2005 sai kamfanoni suka koma haɗa ƙwaƙwale biyu ko fiye a cikin furosesa ɗaya. Ashe ke nan zafi ne ya karkatar da akalar masana'antar baki ɗayanta.

Wane adadi ne lafiya?

Tambayar da aka fi yi ita ce, digiri nawa ne lafiya? Amsar ta dogara da irin furosesan. Kowanne yana da iyakar da kamfaninsa ya ƙayyade, wadda ake rubutawa Tjmax a takardunsa. Ga jerin Core na tebur na Intel, zuriya ta 12 zuwa ta 14, iyakar digiri 100 ce. A wajen AMD kuwa, Ryzen 5 5600X iyakarsa 95, Ryzen 7 5800X 90, Ryzen 7 7800X3D 89, Ryzen 9 7950X kuma 95. A cikin silikon ɗin akwai ma'aunai da ke lura da zafi kullum. In ya kai iyaka, furosesa yakan ja wa kansa linzami, ya rage gudu da bolt har zafi ya sauko. In hakan bai wadatar ba, sai kwamfutar ta kashe kanta. Saboda haka da wuya a ga furosesan zamanin nan ya ƙone farat ɗaya kamar na 2001.

A nan akwai wuri biyu da ake ruɗewa. Na ɗaya, a takardun tsofaffin furosesa, irin waɗanda ke cikin kwamfutocin ofis na hannu da suka cika kasuwanninmu, za a ga adadi kamar 67 ko 72. Wannan zafin murfin ƙarfen waje ne, wanda ake rubutawa Tcase, alhali manhajar auna zafi na cikin silikon take nunawa, shi kuwa kullum ya fi na murfi. Na biyu, sababbin furosesa da gangan suke kusantar iyakarsu, domin an tsara su su yi ta ƙara gudu muddin akwai sauran rara. Lokacin da AMD ta fitar da jerin Ryzen 7000 a 2022, ta bayyana cewa kaiwarsu digiri 95 a aiki mai nauyi yana cikin tsarinsu. Don haka digiri 90 a kan irin wannan furosesa yana tsakiyar haɗa bidiyo ba abin firgita ba ne. Amma digiri 90 a kan tsohuwar kwamfutar ofis mai wat 65, wadda rubutu kawai ake yi da ita, alama ce ta ciwo, ruwa kuwa ba ya tsami banza.

A ganinmu, ma'aunin da ya dace mai amfani ya riƙe shi ne wannan. In kwamfuta ba ta aikin komai, zafin furosesa ya ɗara na ɗaki da digiri 10 zuwa 20. In tana aiki mai nauyi na tsawon lokaci, 70 zuwa 85 wuri ne na kwanciyar hankali. In kuwa ta hau iyaka ta zauna a can, gudunta yana faɗuwa, to lokacin bincike ya yi.

Wani zai ce, tun da furosesa yana kare kansa, mene ne abin damuwa? Dalilai uku ne. Na farko, kariyar da gudu ake biyanta: lissafin da zai ɗauki awa guda sai ya ɗauki awa da rabi, ga shi wutar lantarki ba ta jiran kowa. Mutum ya sayi doki, ya koma tafiyar jaki. Na biyu, zafi yana gaggauta tsufa. Wutar da ke bi ta cikin siraran wayoyin furosesa tana tura ƙwayoyin ƙarfen daga mazauninsu sannu a hankali, kuma tun 1969 James Black ya fitar da lissafin da ya nuna cewa wannan zaizaya tana ƙaruwa da yawan wuta da kuma zafi. A 2024 Intel ta amince cewa wasu furosesanta na zuriya ta 13 da ta 14 suna lalacewa saboda bolt da ya wuce kima, ta fitar da gyaran manhaja, ta kuma ƙara shekaru biyu a kan garantinsu. Na uku, furosesa ba shi kaɗai ne a cikin akwati ba. Akwai kafasito, da ma'ajiyar bayanai, da akwatin rarraba wuta, dukansu iska ɗaya suke shaƙa. Masu ƙera kafasito mai ruwa suna da ƙiyasin da suke aiki da shi, cewa duk ƙarin digiri 10 yana rage rabin kwanansa. Sau da yawa maƙwabtan nan ne ke riga furosesa mutuwa, ma'ajiyar bayanai kuwa in ta tafi, da kundin ɗalibi take tafiya.

Hanyar da zafi ke bi

Sanyaya furosesa ba komai ba ne illa kwashe zafi daga wuri a kai shi wani wuri. Daga silikon yakan shiga murfin jan ƙarfe da ke rufe da shi, daga murfi ya ratsa ɗan man da ake shafawa, ya shiga gindin ƙarfen zuƙe zafi, ya watsu a cikin siraran farantansa, fanka ta hura iska ta ɗauke shi, iskar ta fita daga akwati ta shiga ɗaki, daga ɗaki kuma ta fita waje. Tamkar lambatu ne: duk inda ya toshe, ruwa baya yake komawa, komai faɗin sauran wuraren.

Mu fara da man shafawa, wanda ake yawan jahiltar aikinsa. Jan ƙarfe yana isar da zafi da ƙarfin kimanin 400 a ma'aunin masana, alminiyam kimanin 235, iska kuwa 0.026 kacal. Murfin furosesa da gindin ƙarfen zuƙe zafi sumul suke a ido, amma a ƙarƙashin madubin ƙara girma cike suke da ramuka, iska kuwa takan maƙale a ciki ta zama katanga. Aikin man shi ne ya kori wannan iska. Shi kansa ƙarfin isarwarsa bai kai ko kusa da na ƙarfe ba, yawanci ƙasa da 10 ne, don haka gwargwadon kaurinsa gwargwadon tare hanyar da zai yi. Ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake a tsakiya ya isa ga yawancin furosesa, matsewar ƙarfe ita za ta baza shi. Muhimmancin wannan mahaɗa ya bayyana a 2012, sa'ad da Intel ta daina liƙa murfi da dalma a jerin Ivy Bridge ta koma sa mai a ciki, masu amfani suka yi ta kukan zafi, har a 2018 ta dawo da dalma a kan Core i9-9900K.

Sai bututan jan ƙarfe da ake gani a jikin manyan na'urorin sanyayawa. Ba ƙarfe ne zalla ba. A cikinsu akwai ɗan ruwa kaɗan, an zuƙe iskar ciki an liƙe, saboda haka ruwan yakan tafasa tun zafi bai yi nisa ba. A gefen furosesa sai ya zama tururi ya kwashi zafi, ya ruga gefen farantai ya huce ya koma ruwa, sa'an nan ya biyo wani soso na ƙarfe da ke jikin bututun ya dawo, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. George Grover ne ya ƙera irin wannan bututu a ɗakin bincike na Los Alamos a Amurka a 1963. Hikimar kuwa ba baƙuwa ba ce gare mu, domin ita ce ke sanyaya ruwan randa: ruwan da ya zama tururi da zafi yake tafiya. Bambancin kawai shi ne tururin randa iska yake bi ya tafi, na bututu kuwa a rufe yake, yana kai da komo.

Akwai kuma sanyayawa da ruwa, inda famfo ke zagayawa da ruwa daga kan furosesa zuwa lagireto irin na mota. Ruwa yana ɗaukar zafi fiye da iska mai girmansa kusan sau 3,500, don haka wannan hanya ta dace da furosesa masu shan wat 200 zuwa sama. Sai dai ta fi tsada, famfon yana iya mutuwa, ruwan kuma yana raguwa da shekaru. Ga furosesa mai wat 65 zuwa 125, na'urar iska mai bututu huɗu ko shida ta wadatar, abin da zai lalace a jikinta kuwa fanka ce kawai, ita ma tana da sauƙin samu. Wajibi ne kuma mu gane cewa lagireto ma iskar ɗaki ce ke sanyaya shi. Da fanka da ruwa, babu wanda zai iya saukar da furosesa ƙasa da zafin iskar da ake hura masa.

Lissafin ɗakinmu

To, a nan ne maganar ta iso gida. Kowace na'urar sanyayawa tana da gwargwadon digirin da take bari zafi ya hau a kan kowane wat. Mu ƙaddara muna da wadda ke barin digiri 0.4 a kan kowane wat, an ɗora ta a kan furosesa mai shan wat 125. In aka buga, furosesan zai ɗara iskar da ke shiga masa da digiri 50. A ɗaki mai digiri 22, zai tsaya a 72, mai shi ya rubuta a intanet cewa na'urar ba ta da aibu. A ɗauko wannan kwamfuta a kawo ta ɗaki mai digiri 40, sai ta nuna 90, ba tare da komai ya lalace ba. In ƙura ta toshe farantai har 0.4 ya koma 0.5, hawan zai zama digiri 62 da rabi, jimla ta haura 100, furosesa ya fara jan linzami. Mutumin can yana da rarar digiri 28 da zai yi sakaci da ita. Namu rararsa 10 ce, ƙura kaɗan ta isa ta cinye ta.

Digiri 40 kuwa ba ƙage ba ne. A watan Afrilu zafin rana yakan kusanci 40 a Kano, ya zarce haka a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, ɗaki mai rufin kwano marar silin kuwa ya san abin da ya fi haka. A takardun kwamfutocin ofis da yawa an rubuta cewa a yi aiki da su tsakanin digiri 10 da 35. Ƙungiyar injiniyoyin sanyaya gine-gine ta Amurka, ASHRAE, tana ba da shawarar digiri 18 zuwa 27 ga ɗakunan manyan kwamfutoci. Ke nan a tsakiyar bazara muna aiki ne a wajen da'irar da maƙeran suka zana.

Bayan bazara ga hunturu. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta lulluɓe garuruwanmu da hazo. Kwamfuta kuwa wuni take tana shaƙar iska. Ƙurar takan taru tsakanin farantai ta zama kamar bargo, ta kuma shiga cikin fanka ta cinye mata mai. Da yake ana sanyi a lokacin, ba a ganin illar. Sai bazara ta kama, sa'an nan kwamfutoci su fara ruri suna mutuwa da kansu. Ƙurar Janairu ita ce ciwon Afrilu.

Abin yi

Mataki na farko shi ne aunawa, domin gani ya kori ji. Akwai manhajoji na kyauta kamar HWiNFO da Core Temp, masu aiki da Linux kuma suna da lm-sensors. A duba zafi kwamfuta tana hutawa, sa'an nan a ɗora mata aiki mai nauyi na minti goma zuwa goma sha biyar, a lura da zafin da kuma gudun. A rubuta adadin tare da zafin ɗaki na ranar, domin tazarar da ke tsakaninsu ita ce ke faɗin lafiyar na'urar sanyayawa. In tazarar ta ƙaru bayan wata uku a kan aiki iri ɗaya, wani wuri ya toshe.

Na biyu, shara. A kashe kwamfuta, a zare wayarta daga bango, a fitar da ita waje, a hure ƙurar da bulowa tare da buroshi mai laushi. A dafe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. A taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa komai a ciki, domin a busasshiyar iskar hunturu jikin mutum yana tara lantarkin nan da ke sa mayafi tartsatsi da dare, shi kuwa yana iya kashe kayan ciki. Mafi ƙaranci a yi shara sau biyu: a tsakiyar hunturu, da kuma ƙarshensa kafin zafi ya sauka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, duk wanda ya sayi kwamfuta ta hannu ya ɗauka man da ke kan furosesanta ya bushe. A goge tsohon da tsumma mai tsabta da sifirit, a sa sabo, a ɗaure kusoshin huɗu kaɗan-kaɗan, kusurwa da kishiyarta, don matsin ya daidaita. Man goge baki da girisin mota ba su maye gurbinsa. In sabuwar na'urar sanyayawa ce, a tabbata an ɓare ledar da ke manne a gindinta.

Na huɗu, a ba iska hanya. Ta shiga ta gaba, ta fita ta baya da sama. Ya fi kyau iskar da fankoki ke shigarwa ta ɗan fi wadda suke fitarwa, kuma ta bi ta raga mai tace ƙura, don kada akwatin ya riƙa zuƙo ƙura ta kowace kafa. A ɗaga kwamfuta daga ƙasa, a janye ta daga bango kamar taƙi guda, kada a kulle ta cikin kabad, kada rana ta riƙa dukanta ta taga. Ƙyallen da ake rufe ta da shi saboda ƙura, sai bayan an kashe ta.

Na biyar, a rage zafin tun daga tushe, wannan kuwa ba ya cin ko kwabo. A tuna lissafin bolt da muka yi. Ɗan gudun ƙarshe da furosesa ke ƙarawa shi ne mafi tsadar wuta, domin sai an ɗaga bolt ake samunsa. A cikin BIOS na kwamfutoci da yawa akwai wurin ƙayyade iyakar wat. AMD tana kiran nata Eco Mode, na Intel kuwa PL1 da PL2. In aka sauke iyakar, zafi yakan faɗi sosai alhali gudun da aka rasa kaɗan ne. A misalinmu na baya, in aka mayar da wat 125 zuwa 90, hawan zai koma digiri 36, ɗaki mai 40 ya ba da 76. Mai amfani da janareta ko batirin sola ya ci riba biyu. Mai shirin saye kuma ya sani cewa adadin TDP da ake bugawa a kwali ba shi ne ƙarshen abin da furosesa ke sha ba: Core i5-12400 an rubuta masa wat 65, amma an yarje masa ya kai 117. A sayi abin sanyayawa da babban adadin a zuciya. Aiki mai nauyi kuwa, in da hali, a bar shi sai dare ko da asuba.

Kira ga ƙungiya

Saura mahaɗa ta ƙarshe, watau ɗakin kansa, wannan kuwa ya fi ƙarfin ɗalibi ɗaya. Mu ƙaddara ɗakin kwamfuta mai na'ura 30, kowace da allonta tana shan wat 150. Jimla wat 4,500 ke nan. Jikin mutumin da ke zaune yana fitar da kimanin wat 100, ɗalibai 30 sun ƙara 3,000. An sami wat 7,500, daidai da a kunna dutsen guga bakwai da rabi a rufe ƙofa, ban da zafin da ke ratso rufi da bango. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi kimanin wat 3,500 na zafi take iya fitarwa, ko biyu ba su isa wannan ɗaki ba. In kuwa aka rufe tagogi saboda na'urar, sa'an nan janareta ya ɗauki kwamfutoci ya bar ta, ɗakin ya zama tanderu.

Saboda haka muna ba ƙungiyar ɗalibai shawara uku. Ta nemi a rataye ma'aunin zafi a kowane ɗakin kwamfuta, inda kowa zai gani. Ta shirya ranar shara sau biyu a shekara tare da ma'aikatan da ke kula da ɗakunan, ɗaliban injiniya da na kimiyyar kwamfuta su ba da hannu, su kuma koya wa sauran. Ta kuma roƙi hukuma cewa duk lokacin da za a sayi sababbin kwamfutoci, a sa kuɗin sanyaya ɗaki da fankar fitar da iska cikin lissafi tun farko, a kuma fifita furosesa masu ƙarancin shan wuta. Bulowa guda da 'yan bututan man shafawa ba su kai kuɗin kwamfuta ɗaya ba, amma suna iya ƙara wa talatin kwana. Rigakafi ya fi magani.

Shugaban zama, 'yan'uwa ɗalibai, waɗannan na'urori an ƙera su ne da yanayin wasu ƙasashe a zuciya, mu kuwa a namu yanayin za mu yi aiki da su. Wanda ya san iyakar furosesansa, ya san zafin ɗakinsa, ya kuma kiyaye tazarar da ke tsakani, kwamfutarsa za ta kai shi ƙarshen karatunsa har ƙaninsa ya gada. Muna fata masu nazarin injiniya a cikinku za su ɗauki sanyaya na'urori a ƙasa mai zafi da ƙura a matsayin fagen bincike, domin mu ne muka fi kowa bukatar amsarsa.